Sallau Mahauci a Bisa Ɗanyen Gini

A Mafara, can bayan kasuwa inda Rundawa, masu gadon fawa, suke da gidajensu, an yi wani mahauci ana ce da shi Sallau. Zamanin da nisa, tun Sakkwato ke da wuƙa da nama, tun ba a san launin Nasara ba a ƙasar Zamfara. Ran Sallar layya aka haife shi, ranar da ko karen unguwa yake juya wa ƙashi baya, shi ya sa tsofaffi suka ce yaron nan da wuƙarsa ya zo duniya. Ba su yi ƙarya ba.

Uwarsa Tabawa ta haihu da dama, amma shi kaɗai ƙasa ta bar mata, kuma shi ne na fari. To, ɗan fari kuwa kowa ya san yadda ake yi da shi. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana baki da baki matuƙar akwai wanda za ta aika. Wancan take ce masa. A faɗa wa wancan tuwonsa na sanyi. A tambayi wancan ko shi ya bar ƙofa buɗe. Sai ya juya baya zai fita sannan take ɗago kai ta bi shi da kallo har ya sha kwana, wannan kuwa duk matan gidan sun sani, shi kaɗai ne bai sani ba.

Fawa sana'ar gaggawa ce. A kayar da sa tun rana ba ta yi zafi ba, a feɗe, a sassare, a kasa, kafin la'asar a ga bayan nama. Abin da ya kwana ya zama rabon ƙuda. Cikin wannan Sallau ya tashi, har gaggawar ta shige masa ƙashi. A tsaye yake shan fura. Tafiyarsa kamar an ce gidansu na cin wuta. Sallarsa kuwa, liman ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci ya tambaye shi ko wani ke binsa da sanda. Masu kilishi su ne abin dariyarsa. Yakan ce ƙatti da gemu sun zauna suna gadin nama ya bushe, sai ka ce mata da shanyar tsaki. Shi dai abin da hannunsa ya taɓa da safe, to kada yamma ta same shi.

Ya auri Barira, ɗiyar magina daga wancan gefen gari, mace mai sanyin hali wadda in ta faɗi magana sau ɗaya ba ta maimaitawa. Tana da ƙane, Barau, siriri, kullum da busasshiyar laka a bayan kunne. Ƙanen mata abokin wasa ne, Sallau kuwa ya samu abin yi. Zanzaro ya sa masa, wai ga ƙugu kamar zare, ga ɗaukar laka ana liƙa wa bango. In Barau ya biyo ta mahauta, sai ya jefa masa guntun huhu ya ce ya je ya yi ƙiba. Barau ya cafe, ya ce ya gode wa sarkin ƙuda, Allah ya ƙara mabiya.

A wancan lokaci Sallau na da hali. Shanu na zuwa daga dajin Maradun garke garke, gidansa ba a rasa romo. Amma Tabawa tana nan cikin tsohon ɗakinta na jinka da mijinta ya bar ta a ciki, bango ya tsage, bunu ya ruɓe, in ana ruwa sai ta jera ƙore a ƙasa. Ga tari da ke kama ta duk damina. Kowace kaka Sallau sai ya tsaya tsakar gida, ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce wa Barira bana zai gina wa Inna soro, mai azara, mai indararo, wanda ko ɗigo ba zai shiga ba. Kowace bazara kuma sai a ga an kawo sabon bunu an yi wa jinka faci. Mutumin da ba ya iya jiran fura ta dahu ya iya ajiye uwarsa shekara da shekaru tana jira. Maza kenan. Tabawa kuwa sai dai ta matsar da ƙoryar zuwa inda sabon yoyo ya ɓullo.

Sai shekarar annobar shanu ta zo. Waɗanda suka gani sun ce Fulani sun zauna tsakiyar gawarwakin dabbobinsu, sanda a kafaɗa, babu abin korawa. Ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi. Mahauta ta yi tsit. Ɗan akuyan da ake samu, mahauta goma ke rige-rige a kansa. Sallau ya wasa wuƙaƙensa, ya sake wasa su, har Barira ta ce ya bari haka kada su ƙare. A daminar nan kuma bangon bayan ɗakin Tabawa ya jiƙe ya zauna. Allah ya sa tana waje tana tsince wake. Aka kafa mata bukkar zana a gefen danga.

Barira ta durƙusa ta roƙe ta ta dawo ɗakinta, ita ta koma madafa. Tabawa ta ce Allah ya kiyaye ta kwana a ɗakin da wancan ke shiga, ba a yi haka a gidan ubanta ba, ba za a fara a kanta ba. Maganar ta mutu a nan. Ta ƙarasa daminar cikin zana, ta fito da tari wanda ake ji daga zaure. Wata tsohuwa mai magani ta duba ta, ta ja Barira gefe ta ce ƙirjin nan ba zai ɗauki wata damina a bukka ba.

Da aka shigar da gero, Sallau ya saka babbar rigarsa ta zuwa suna, ya nufi gidan magina. Barau a lokacin ya zama magini mai mutane a ƙarƙashinsa, ana kiransa aiki har Bakura da Maradun. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da sanyi, aka sake komawa kan gida. Da gaisuwa ta ƙare, Sallau ya dubi ƙasa ya ce aiki yake so, kuma ɗaki yake so a gina wa Inna kafin ruwa ya sauka.

Barau ya dube shi. Ya ce, "Mijin yaya, aiki akwai. Ɗakin Inna kuma ni da kaina zan aza shi, in mun sallami masu jiranmu. Amma wurin gini ba ka girme ni ba. In na ce sauka, ka sauka."

Sallau ya ce ya ji, Zanzaro ya samu sarauta.

Aikin farko da ya bi su zauren wani bafatake ne a Bakura. Tun bai taɓa komai ba Barau ya ce ya tuɓe rigar nan. Riga mai faɗi ita ke kama tsani, ita ke sarƙe azara, ita ke jawo mutum ƙasa. Ya miƙa masa warki da gammo. Ƙaton mutum mai shekara arba'in da ɗoriya ya tsaya tsakiyar ma'aikata da guntuwar fata a gindi, tumbin da shanu suka bar masa gado yana gaba. Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Aka tura shi ramin ƙasa. Nan da nan idonsa ya gano jar ƙasa mai kyau, mai danƙo, can ƙasan gaɓa take. Ya shiga da dagi yana rarake ta kamar mai fitar da kayan ciki, har ya yi kogo ya shige rabin jikinsa. Kwandonsa ya riga na kowa cika, yana jin daɗin kansa. Sai ji ya yi an fizgo shi ta warki. Barau ne. Ya kori kowa daga ramin, ya zagaya ta sama da doguwar gora, ya caka gaɓar nan sau biyu. Ta rufto gaba ɗaya, daidai inda Sallau ya tsuguna, dagin ma ba a sake ganinsa ba sai da aka tona. Barau ya ce ƙasa daga sama ake cinta, wanda ya ci ta daga ƙasa ita ke cinye shi, kuma shi bai shirya kai wa yayarsa labari ba. Sallau ya ce dama yana shirin fitowa. Amma ranar bai shanye furarsa ba.

Sauran ya koya, wani da kunne, wani da jiki. An ce masa kafin a taka kwaɓi da ƙafa a tsince ƙaya da tsingaro, ya ce tafin ƙafarsa ya fi ƙirgi, sai da ƙayar aduwa ta sa ya yi ɗingishi har kasuwa ta zagayo. An ce masa tubalin da ya kwana a jere a fara ture shi da ƙafa kafin a kai hannu, ya manta, kunama ta tuna masa. Ya koyi haƙa wa tsani gurbi a ƙasa, da duba igiyar kowane mataki, da sa mutum ya riƙe kafin a hau. Ya koyi ƙwanƙwasa azara ya saurara, mai amsawa da ƙarfi lafiyayya ce, mai amsawa kamar ganga gara ta riga ta cinye cikinta. In rana ta take tsaka Barau yakan sauko da kowa a sha ruwa a zauna inuwa, don mai jiri ba ya sanin ya saki bango sai ya ji shi a ƙasa.

Jifan tubali kuwa nan ya yi suna. Magini yana zaune bisa bango, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, na ƙasa yana jefa masa tubali da curin laka yana cafewa. Hannun da ya saba kayar da sa, tubali wasa ne a gare shi. Barau ya nuna masa inda ake tsayawa, can gefe, ba ƙarƙashin magini ba. Ka ce ga shi, ka jira a ce kawo, sannan ka saki. Kuma bangon da ake aiki a kansa ba mai wucewa ta gindinsa, ko da hularsa ce ta faɗi a wurin. Wannan ta zauna wa Sallau daram, don a mahauta ma ba a tsayawa bayan ƙafar sa. Har ya fi Barau zafi a kai. In mai tallan fura ta matso kusa da bango, tsawar da zai daka mata sai ta kusa zubar da ƙwarya.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kansa. A ɗora sahun tubali kaɗan, a shafe da laka, sai Barau ya sauko ya ce an tashi daga wannan bangon, a bar shi ya sha iska. A koma wani gefe, ko a je a yi tubali, ko a zauna kawai. Ga laka a kwaɓe, ga tubali a jibge, ga ƙatti da ƙarfinsu, ga rana ba ta faɗi ba. Sallau ya rasa inda zai sa kansa. Ya zagaya, ya dawo, ya taɓa bango ya ce ai ya bushe. Barau ya kama hannunsa ya kai shi gefen inuwa, ya manna bayan hannun ga bango, ya tambaye shi me ya ji. Ya ce sanyi. Barau ya ce to ruwa ne ke kwance a ciki. Fatar ke fara bushewa, cikin yana nan ɗanye, in ka ɗora masa nauyi sai ya yi ciki ya buɗe. Ya ce shi da yake mahauci ai ya san naman da wuta ta yi wa yawa, baya ya ƙone, ciki da jini.

Sallau ya ce ya sani sarai, ya kuma sayar da irinsa ba adadi, bai ji wanda ya mutu ba.

Aka yi dariya, Barau ma ya yi. Da ya san inda maganar za ta kai, da bai yi ba.

Daga Bakura suka wuce Maradun, gidan wani mai rini. Rani yana tafiya, ayyukan mutane suna cinye shi. Sallau ya ga yadda ɗakunan wasu ke tashi a hannunsa, uwarsa tana cikin zana. Duk wanda ya zo daga Mafara sai ya tare shi ya tambayi gida, a ce lafiya, sai dai tarin Inna. Ya dami Barau, Barau ya ce alkawarin da ya ɗauka kafin nasa ba zai tsallake shi ba, kuma da hatsin ayyukan nan ne ake ci a gidajensu duka biyu. Gaskiya ce, amma gaskiya ba ta rage wa Sallau zafin rai ba.

Sai da bazara ta kama, iska ta juya, sannan suka dawo gida, da jakuna ɗauke da azarar giginya da bafataken Bakura ya ba su. Barira ba ta zauna ba ita ma. Duk ranin nan ita ke ɗebo ruwa, ta sa aka tara ƙasa, aka zuba mata ciyawar ramno ta ruɓa yadda ake so. Suka yi tubali, Barau ya ja harsashi a inda tsohon ɗakin yake, aka fara. Tabawa tana zaune bakin bukka tana kaɗi, kamar ba ta san abin da ake yi ba. Amma an lura ta juya tabarmarta, ta fuskanci wajen.

Bango ya kai ƙugu, aka jira. Ya kai ƙirji, aka jira. Iskar bazara mai nauyi ce, ga gumi, laka ba ta bushewa da wuri kamar cikin rani. Ran da aka ɗora sahun da ya kai kafaɗa, sai ga ɗan aike daga Maradun. Mai rinin nan ya ga hadari, rufin da aka bar masa ba a yi masa yaɓen ƙarshe ba, ya ce Barau ya zo ko da a kan kai ne. Barau ya haɗa mutanensa. Kafin ya fita ya ja Sallau gindin bangon.

"Mijin yaya, wanga sahu ɗanye ne. Kada ka ɗora mishi ko tubali guda sai na dawo. In ka ga ruwa zai sauka, ka lulluɓe kan bangon da zana, shi ke nan."

"In ruwan ya sauka, ita fa? Ita ma in lulluɓe ta da zana?"

"Ruwan fari ba ya zama. Ka ba ni 'yan kwanaki."

"Kwanaki nika ba ta tun kana tsotson yatsa, Zanzaro."

Barau ya ɗauki kayan aikinsa. Ya ce dai Sallau ya tuna alkawarin da ya yi ran da ya zo da babbar riga. Ya tafi.

Washegari da la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin, aka yi ta cida, iska ta kawo ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani gari. Ba a yi ruwan ba. Amma iskar ta ɗage zana ɗaya daga bukkar, Sallau ya shigo ya tarar da uwarsa tana riƙe da ita da hannu biyu, tari ya turnuƙe ta, ta kasa ko tsayawa daidai. Da ta gan shi sai ta saki zanar ta juya fuska, wai kada ya ga halin da take ciki. Ya kama zanar ya ɗaure.

Da gari ya waye ya tafi mahauta, ya kirawo Hashimu, abokinsa tun na yarinta, da wasu mahauta biyu da zaman banza ya ishe su. Barira ta tare shi a bakin madafa ta ce ai ya ji abin da Barau ya faɗa. Ya ce ya ji, ya kuma ga yadda ake yi, rani guda yana kallo, ba wani asiri a ciki. Ta ce ita ɗiyar magina ce, ta ga abin da bai gani ba. Ba ta ƙara ba, shi ma bai tsaya ba.

Ranar nan mahauta suka yi gini irin na mahauta. Hashimu na jifa, Sallau na cafewa yana liƙawa, sauran na kwaɓi suna yi masa kirari irin na ranar kamun sa. Sahu bisa sahu, babu tsayawa. Aikin da Barau zai raba shi hawa uku da hutu a tsakani, suka tashe shi kafin rana ta faɗi. Sallau ya sauko jikinsa duk laka, fuskarsa kamar ta ango. Hashimu ya ce ashe magina cin banza suke yi wa mutane. A ido kuwa bangon ya yi kyau, ba mai cewa ba Barau ya yi shi ba.

Da hantsi kashegari suka dawo ɗora azara. Rana ta riga ta busar da fatar bangon, ta yi fari-fari. Sallau ya ƙwanƙwasa kowace azara, ya haƙa wa tsani gurbi, ya duba igiya, duk yadda aka koya masa. Yana shirin hawa sai ga Tabawa ta taso a hankali, ta zagaya ta gefen inuwa, ta ɗora tafinta ga bangon kamar mai taɓa goshin yaro. Ba gini ta sani ba, so take dai ta taɓa ɗakinta. Ta juya wajen Barira ta ce a faɗa wa wancan bangon nan da sanyi.

Sallau ya ji. Ya san abin da sanyin nan yake nufi, an manna masa hannu a Bakura ya ji irinsa. Ya dubi gabas, ga hadari ya fara tasowa tun da sauran safiya. Ya ce wa Barira ta gaya wa Inna ɗaki mai sanyi ai shi ake nema da bazara. Sannan ya ce ta janye ta daga nan, ta kai ta can bakin danga, ba a tsayawa gindin bangon da ake aiki a kai. Ya kori Hashimu da sauran su ma, ya ce su miƙo azara daga gefe su ja da baya. Sai da ya ga kowa ya yi nisa sannan ya hau.

Azara ta farko ta zauna. Ta biyu ta zauna. Yana jan ta uku, zaune bisa bango, sai Barira ta ga tsakiyar ginin ya kumbura waje a hankali, kamar cikin akuyar da ta ci rogo. Ba wata ƙara mai yawa. Bangon ya buɗe daga tsakiya, na sama ya zauna cikin na ƙasa, Sallau ya tafi tare da shi, azarar nan uku suka bi shi.

Wanda ya fara isa wurin ba Hashimu ba ne. Tabawa ce, tsohuwar da ba ta iya ɗaga tulu, tana tona ɗanyar laka da yatsu, tana kiran sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ran da aka raɗa shi. "Sallau. Sallau, ɗiyana, ka amsa mini." Yana ƙarƙashin ƙasa ya ji ta. Daga baya yakan ce da farko ya ɗauka ya mutu ne, don bai san muryar da sunan a haɗe ba.

An fito da shi da rai. Ban da shi ko ƙwarzane ba wanda ya samu, don inda bangon ya zube nan ne inda Tabawa ta tsaya ɗazu, kuma shi ya sa aka janye ta. Aka ɗauko maɗori daga Dosara, ya shafa, ya ɗaure abin da ke ɗauruwa, ya ce cinya za ta haɗe amma ƙugu sai yadda Allah ya yi. Ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba.

Hadarin nan kuwa ya watse. Aka yi ta rana kamar ba a taɓa yin girgije ba. Barau ya gama aikin Maradun ya dawo, ya zauna, har ya gaji da zama, sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Da an jira shi, da an rufe ɗakin an yaɓe har an share. Wannan lissafin ba wanda ya yi shi a gaban Sallau, shi ma bai buƙaci a yi masa ba.

Barau ya shigo, ya tsuguna a gefen tabarma, ya ce, "Yaya, sannu. Ya jiki?" Babu sarkin ƙuda, babu mijin yaya. Sallau ya jira zagi, ya jira a ce ba na faɗa maka ba, bai samu ba. Ya ce masa Zanzaro, ko zai tanka. Barau ya sunkuyar da kai ya ce na'am. Daga ranar wasa ya mutu tsakaninsu, wannan kuwa ya yi wa Sallau ciwo kusa da na ƙugun.

Sake ginin bai yiwu ba a shekarar. Ƙasar ta cakuɗe, tubali ya farfashe, kafin a yi sabo ya bushe ruwa ya sauka da gaske. Tabawa ta yar da kunyar da ta riƙe shekara arba'in, ita ke shiga har ɗakin Barira, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu a baki, tana yi masa faɗa kamar yaron goye. Amma kwana, sai ta koma bukkarta. Wannan kam ba ta sake ba. Ta ga gero ya yi kai, ba ta ga an yanke shi ba.

Da rani ya dawo Barau ya zo da mutanensa, ba wanda ya kira shi, ya share wurin ya sake jan harsashi. Sallau ya ce a bari, wa za a gina wa. Barau ya ce alkawari ya ɗauka. Aka yi shi a hankali, sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Sallau yakan jawo jiki da hannu har gindin bangon in an tashi aiki, ya manna bayan hannunsa, ya daɗe a haka. Aka rufe, aka sa indararo. Ko ɗigo bai taɓa shiga ɗakin nan ba.

Shanu sun dawo daga baya, mahauta ta sake cika, amma ba da shi ba. Ya zama mai yin tubali, aikin da ake yi a zaune. Ya mulmula, ya jera, ya zauna yana gadinsu su bushe, masu kilishi suna wucewa suna gaishe shi, ba wanda ya taɓa tuna masa komai. Ya yi shekaru masu yawa a haka, har gemunsa ya yi fari. In an yi aikin nesa a ɗora shi bisa jaki. Duk sabon da ya zo koyon gini, Barau wurinsa yake fara tura shi. Sallau ya sa shi ya tuɓe riga, ya gaya masa na rami, da na tsani, da na kunama, da inda ake tsayawa, yana yi yana zolayarsa. In mutum ya ƙosa ya tambayi har yaushe za a jira bango, sai ya yaye zanen da ya rufe ƙafafunsa, waɗanda suka shanye suka koma kamar karan dawa, ya bar shi ya kalla. Sannan ya ce ya je gefen inuwa ya taɓa, in ya ji sanyi ya wanke hannu ya tafi gida ya gaida uwarsa.

A soron nan ya ƙare kwanakinsa, amma bai taɓa kiransa nasa ba. Ɗakin Inna yake cewa, har jikokin Barau suka tashi suna faɗin haka ba su san wace Inna ba ce. Tabarmarsa a bakin ƙofa take, bai yarda an matsar da ita ciki ba. Kuma duk yamma in ya jawo jiki ya iso dokin ƙofa, sai ya tsaya ya yi sallama, ya ɗan saurara, sannan ya shiga.